Ga 'Ya'yanmu Da Ke Birtaniya: Kafin Ka Sayi Babban Babur, Fara Duba Bizarka



Tun daga 2021, lokacin da Birtaniya ta fito da bizar da ke ba ɗalibi damar tsayawa ya yi aiki bayan ya gama karatu, gidaje da yawa a cikinmu sun samu ɗa ko ƙane a can. Wasu digiri na biyu ya kai su, wasu kuma aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. Da zama ya miƙa, 'yan kuɗi suka fara shigowa, sai ga wata magana tana yawan dawowa gida: wane yana son sayen babban babur. Iyaye sun rabu biyu a kai. Akwai masu cewa sam ba su yarda ba, akwai masu cewa yaro da kuɗinsa a bar shi. Ni ina ganin akwai abin da kowane ɓangare ya tsallake, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna.

Babur ɗin da samarin suke so shi ne wanda Turawa ke kira kuruza. Sirdinsa ƙasa-ƙasa ne, matakin ƙafa yana gaba, hannun yana da faɗi, mutum yana zama a kai kamar ya kishingiɗa a kujera. Ƙirar Amurka ce wadda Harley-Davidson ya yi suna da ita, daga baya kamfanonin Japan da Indiya suka shigo da nasu. Matsakaicinsa shi ne mai inji daga cc 350 zuwa cc 650. Ba na tsere ba ne, an yi shi ne domin tafiya a natse.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, idan har sai yaro ya hau babur a ƙasar waje, wannan matsakaicin ya fi masa. Amma kada ya saya sai ya auna shi da sauran kwanakin da suka rage masa a biza, sannan ya saya da kuɗi hannu, kuma ya zaɓi wanda zai iya sayarwa cikin mako biyu idan tafiya ta taso. Baƙo yana sayen abu ne da tunanin ranar da zai bar gari. Mu da muka yi shekaru a Legas mun san wannan tun kafin 'ya'yanmu su hau jirgi.

Mu fara da dalilin da ya sa na ce matsakaici. Bajaj Boxer 150 da muka sani nauyinsa bai kai kilo 130 ba, ƙarfinsa wajen doki 12 ne. Honda Rebel 500, wanda ya fito a 2017, injinsa cc 471 ne mai silinda biyu, nauyinsa wajen kilo 190, ƙarfinsa kusan doki 46. Ku duba da kyau, ƙarfin ya kusa ninka na Boxer sau huɗu. Kawasaki Vulcan S, wanda ya fito a 2015, cc 649 ne, kilo 229, doki 61. Royal Enfield na Indiya yana da Meteor 350 da ya fito a 2020, mai silinda ɗaya da doki 20, sannan da yayansa Super Meteor 650 mai kilo 241 da doki 47. Manyan Harley kuwa da yawansu sun haura kilo 300. Wanda bai taɓa riƙe irin wannan nauyin ba, a wajen juyawa ko a bakin danja zai kayar da shi, kuma idan ya faɗi ba ya tashi da mutum ɗaya cikin sauƙi.

Abin da ya sa waɗannan matsakaita suka dace da sabon hannu shi ne tsayin sirdi. Na Rebel santimita 69 ne daga ƙasa, na Vulcan S kuma 70 da ɗan ɗori. Ko gajeren mutum zai dire ƙafafunsa biyu a ƙasa sosai idan ya tsaya. Ƙarfinsu kuma ya isa babbar hanya, inda iyakar gudu a Birtaniya mil 70 ne a awa, wato kilomita 112. Bayan haka, tun daga 2017 duk sabon babur da ya haura cc 125 a Turai dole ya zo da birkin ABS, wanda ke hana taya ƙamewa idan an taka da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi. A ƙasar da ruwa ba shi da lokaci, wannan birkin ya fi duk wani ado da ke jikin babur daraja.

Yanzu sai lasisi, inda samarinmu suka fi ruɗar kansu. Za ka ji yaro yana cewa ai ni tun ina firamare nake hawa mashin a Agege, me za su koya mini? Hukumar can ba ta san wannan tarihin ba. Wanda ya je da cikakken lasisin Najeriya yana iya amfani da shi na wata 12 kacal daga ranar da ya fara zama, kuma a kan irin abin hawan da lasisin ya ambata. Lasisin mota ba ya hawa babur. Najeriya kuma ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasisinsu kai tsaye da na Birtaniya, don haka bayan shekara ɗaya sai an koma farko.

Farkon shi ne lasisin koyo, sannan horon kwana ɗaya da suke kira CBT. Wannan horon yana ba mutum damar hawa babur da bai wuce cc 125 ba, da alamar L a gaba da baya, babu goyo, babu hawa babbar hanya, kuma shekara biyu yake yi ya mutu. Mai son abin da ya fi haka sai ya ci jarrabawar dokokin hanya a kwamfuta, sannan gwajin tuƙi kashi biyu, ɗaya a fili ɗaya a kan titi. Daga shekara 19 ana iya samun lasisin A2, wanda ya tsaya a kilowat 35, wato doki 47. Cikakken lasisin A sai shekara 24, ko 21 ga wanda ya riƙe A2 na shekara biyu. Kun ga dalilin da ya sa Honda da Royal Enfield suka tsayar da ƙarfin nasu daidai wannan iyakar. Vulcan S kuwa ya haura, don haka mai A2 sai an rage masa ƙarfin injin kafin ya hau. Kuɗin horo da na jarrabawa duka sai an sa su a lissafi tun kafin a je kallon babur.

Kada a manta kuma cewa a hannun hagu ake tuƙi a can. Najeriya ta bar hannun hagu tun watan Afrilun 1972, kafin a haifi yawancinmu. Ƙwarewar kurɗawa a gosulon Oshodi ba ta koya wa mutum cewa a shataletale dama zai duba ba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Abu na gaba shi ne inshora, kuma a nan ne nake so iyaye su buɗe kunne. A gida mun saba da takardar da ake yanka domin a nuna wa jami'i a hanya. A can kyamarar 'yan sanda tana karanta lambar babur, nan take ta nuna ko yana da inshora ko babu. Wanda aka kama babu ita, mafi ƙarancin hukunci tarar fam 300 ce da maki shida a lasisi, kuma suna da ikon ƙwace babur ɗin. Wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawa ba, maki shida sun isa a soke lasisinsa gaba ɗaya. Kuɗin inshorar kuma ya danganta da shekarun mutum, unguwar da yake, inda babur ke kwana, da tarihinsa na tuƙi a ƙasar. Baƙo matashi da ke haya a cikin birni, babur yana kwana a bakin titi, duk waɗannan ba su goyi bayansa ba. Shawarata ita ce ya nemi farashin inshora a intanet da lambar babur ɗin da yake so kafin ya biya ko kwabo. Sau da yawa wannan lissafin kaɗai ya isa ya sa mutum ya sauko daga cc 650 zuwa cc 350.

Akwai wani tarko da ya fi wannan haɗari. Wasu suna cewa ai babur ɗin zai biya kansa, zan riƙa kai abinci da shi da yamma. Na farko, inshorar zuwa aiki da yawon shan iska ba ta rufe ɗaukar kaya don kuɗi, wannan inshora ce daban mai tsada. Na biyu, mai bizar ɗalibi awa 20 a mako aka yarje masa ya yi aiki lokacin karatu, kuma an hana shi sana'ar kansa, alhali yawancin kamfanonin kai abinci a matsayin masu sana'ar kansu suke ɗaukar mahaya. Wanda ya saɓa sharaɗin biza, abin da zai rasa ya wuce babur. Karatun da aka sayar da fili aka biya shi ne zai tafi. Ban da haka ma, kuruza mai kilo 200 ba abin kai shinkafa lungu-lungu ba ne.

Sai maganar bashi. Dilolin can suna da tsarin da za ka ɗauki sabon babur ka riƙa biya duk wata, yawanci na shekara uku ko huɗu, da wani babban kuɗi a ƙarshe idan kana son ya zama naka. Kuɗin wata-wata yana da daɗin ji. Amma ku haɗa shi da biza. Digiri na biyu shekara ɗaya ne, bizar bayan karatu lokacin da aka fito da ita a 2021 shekara biyu ce ga mafi yawa, kuma dokokin shige da fice na can suna canzawa kusan kowace shekara. Mai bizar aiki kuwa zamansa yana rataye ne da wanda ya ɗauke shi aiki. Yaya mutumin da bai da tabbacin shekara biyu zai sa hannu a bashin shekara huɗu? Kuma muddin ba a gama biya ba, babur ɗin na kamfanin bashi ne, ba ka da ikon sayar da shi sai ka wanke abin da ya rage. Ga kuma kuɗin ruwa da ke ciki, wanda kowa ya san hukuncinsa a wajenmu.

Shi ya sa na fi son na hannu, mai shekara uku zuwa shida, a biya kuɗi a wuce wurin. Wanda ya fara saye shi ya sha faɗuwar farashi, kai kuma idan ka kula da shi za ka sayar kusa da yadda ka saya. Sai dai ba a cinikin biri a sama. A je a gan shi da ido a gidan mai shi, a duba takardar rajista da suke kira V5C, a tabbatar lambar jikin babur ta yi daidai da wadda ke takarda. Akwai bincike na kuɗi kaɗan da ake yi a intanet wanda ke nuna ko ana bin babur bashi, ko na sata ne, ko inshora ta taɓa yanke cewa ya mutu a hatsari. Duk babur da ya wuce shekara uku kuma dole a yi masa gwajin lafiya na MOT duk shekara, kwatankwacin takardar VIO a nan, kuma tarihin gwajin yana nan kyauta a shafin gwamnati da lambar babur kawai. Harajin hanya ma da girman inji ake yanka shi: akwai matakin cc 151 zuwa 400, da na 401 zuwa 600, da na sama da 600. Meteor 350 yana na farkon, Rebel yana na biyun, masu 650 kuma suna mafi tsada. Mazauna Landan su guji tsohon da aka yi kafin 2007, domin mafi yawansu sai an biya fam 12.50 duk ranar da aka hau su a birnin saboda dokar hayaƙi.

Akwai kuma abin da hoton Facebook ba ya nunawa. Hoton a watan Yuli ake ɗaukarsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyi ne da ruwa, a Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara, kuma gishirin da suke watsawa a titi saboda ƙanƙara yana cin ƙarfe, musamman irin ƙyalƙyalin da ke jikin kuruza. Mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi, wanda zai tashi da asuba a gajiye ya hau titi mai santsi, ya yi wa kansa tambaya ko bas ba ta fi masa ba a waɗannan watannin. Satar babur ma ta yi yawa a manyan biranen, don haka sarƙa mai kauri, kwaɗon taya da mayafi suna cikin kuɗin saye. Makaniki kuma da awa yake caji. Wanda ya tashi a cikinmu ya iya juyen baƙin mai, ɗaure sarƙa da duba iska, wannan ilimin kuɗi ne a can, ya riƙe shi.

To, iyayen da suka ce sam fa? Tsoronsu yana da tushe. A Birtaniya babura kusan kashi 1 cikin 100 ne na zirga-zirgar titi, amma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda ke mutuwa a hatsarin hanya masu babur ne. Mu kanmu ba sai an ba mu labari ba, mun san hanyar asibitin ƙashi na Igbobi, mun san sau nawa aka zagaya da takarda ana haɗa gudummawa. Idan haka ta faru a ƙasar waje, babu dangi a gefen gado, aiki ya tsaya, haya ba ta tsayawa. Amma abin da na lura shi ne, haramtawa daga nesa ba ta hana saye, ɓoyewa take sawa. Yaron da ya ɓoye kuma shi ne zai sayi mai arha marar takarda, ya tsallake horo, ya hau da rigar sanyi kawai. Ya fi kyau uba ya ce na yarda bisa sharaɗi: nuna mini lasisi, nuna mini inshora, nuna mini kayan kariya. Hular kwano dole ce a dokar can tun 1973, mabiya addinin Sikh masu rawani kaɗai aka ɗauke wa, hularmu ba ta ciki. Jaket mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu, safar hannu, wando mai kauri da takalmi mai rufe idon sawu doka ba ta tilasta su ba, amma wanda ba shi da kuɗinsu ba shi da kuɗin babur.

Masu cewa a bar yaro da kuɗinsa su ma su yi adalci. A 2024 fam ɗaya ta haura Naira dubu biyu. Babur na fam dubu huɗu ya kai Naira miliyan takwas ke nan, kafin inshora da sauran kaya. Idan akwai bashin da aka ci wajen tura shi, ko ƙanne da ke jiran kuɗin makaranta, wannan shi ne gaba. Idan kuma tsimi ne dalili, ƙaramin cc 125 ya fi arha a komai kuma CBT ta ishe shi. Mai mata da 'ya'ya kuwa mota yake buƙata. Mu faɗi gaskiya, kuruza rabinsa sufuri ne rabinsa sha'awa. Sha'awa ba laifi ba ce ga wanda ya sauke nauyin da ke kansa. Mutumin da ke aiki kwana shida a ƙasar da babu dandali babu majalisa, idan ranar hutunsa ya hau babur ya fita bayan gari ya sha iska, ya fi masa zaman ɗaki da tunani.

Tambayar da ta rage ita ce, idan zai dawo ya taho da shi? Babur ba shi da matsalar sitiyarin dama kamar mota, wannan gaskiya ne. A Legas ma dokar sufuri ta 2018 ƙananan babura ƙasa da cc 200 ta hana hawa manyan hanyoyi, kuma haramcin da aka ƙarfafa a watan Yunin 2022 a Ikeja, Surulere, Apapa da sauransu a kan acaɓa ne. Duk da haka ni ban ba da shawara ba. Kuɗin jirgin ruwa, kuɗin kwastan da na fito da kaya daga Apapa ko Tin Can za su ci wani babban kaso na darajarsa. Cikin kuruza yana kusa da ƙasa, na Rebel wajen santimita 13 ne kawai tsakaninsa da titi, ku kwatanta da ramukanmu da tudun rage gudu da ruwan damina. Injinsa ba kafireto ba ne, na'ura ce ke fesa mai, kuma ba ta jure gurɓataccen fetur irin wanda ya lalata motoci a watan Fabrairun 2022. Kayan gyaransa ma ba irin na Boxer ba ne da za ka samu a kowace kwana. Wanda zai dawo ya sayar a can lokacin bazara, sa'ad da masu saye suka fi yawa, ya taho da kuɗinsa.

Idan aka ce in zaɓa, ga wanda ya fara kuma zirga-zirgarsa a cikin gari ce, Meteor 350 ya isa, mai sauƙin kai ne kuma ba ya shan mai, sai dai a babbar hanya yana kaiwa ƙarshen ƙarfinsa. Ga wanda zai riƙa haɗa gari da babbar hanya, Rebel 500 na hannu shi ne zaɓina, domin dilolin Honda suna ko'ina kuma masu nemansa suna da yawa ranar sayarwa. Dogon mutum ya gwada Vulcan S, wanda ake iya matsar da matakin ƙafarsa gaba ko baya. Kowanne dai a zauna a kai, a tura shi da hannu a ji nauyinsa, kafin a yi ciniki.

Roƙona ga iyaye da yayye shi ne, duk wanda nasa ya kawo wannan maganar, ya tura masa wannan rubutun, sannan ya tambaye shi wata nawa suka rage masa a biza da kuma nawa inshora ta ce. Ku kuma samarin da ke can, wanda ya riga ya saya ya faɗa mana abin da ya gani domin na baya su amfana, kuma kowa ya tabbatar akwai ɗan uwa ɗaya a garin da yake wanda ke da lambar gida.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke, ya kiyaye hanya, ya sa su dawo da abin da suka je nema.

Daga Sakataren ƙungiya.